Bayan Motar Masu Tallafi Ta Tafi, Me Ke Saura A Aji?

Ranar wata Laraba hanya ta bi da ni ta wani ƙauye da na yi shekara huɗu ina zirga-zirga cikinsa, lokacin da nake aiki da wani shirin inganta karatun firamare da ake gudanarwa da kuɗin ƙasashen waje. Na ce wa direba ya tsaya in gaisa da hedimasta. Allon shirin yana nan kafe a bakin makaranta. Rana ta cinye fentin, amma har yanzu ana iya gane tambarin waɗanda suka ba da kuɗi.

Bayan mun gaisa na tambaye shi littattafan karatun Hausa da muka kawo a shekarar ƙarshe. Ya ɗauko makulli ya buɗe sito. Kwalaye tara ne a jere, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Na ɗaga na ƙasa, gara ta gama da shi.

Na ce, "Malam, me ya hana a raba wa yara?"

Ya ce, "Yallaɓai, in na raba suka yage, wa zai ba ni wasu? Ku kun tafi. Malamai biyun da kuka horar, ɗaya an ɗauke shi an mayar ofis, ɗaya ta yi ritaya. Wanda aka turo mini bai taɓa ganin jagoran malami na littattafan nan ba."

Na nemi izini na shiga aji uku. Na rubuta a allo: "Kaka ta dafa tuwo." Yara sun haura saba'in a zaune a ƙasa. Bakwai ne suka iya karantawa.

Tun daga ranar abin yake cina. Ban ga laifin hedimastan ba, domin dabarar mai ƙaramin ƙarfi ya yi: abin da ba ka da tabbacin samun wani, ɓoye shi kake yi. Laifin yana kanmu da muka tsara aikin, da gwamnatocin da suka karɓe shi da tafi suka bar shi ya mutu.

Ga inda na tsaya. Duk wani shirin ilimi da aka kawo da kuɗin waje, a auna shi da abu guda: shekara uku bayan an rufe ofis an sayar da motoci, yaron aji uku na makarantar da aka yi aikin yana iya karatu ko ba ya iyawa? Kuma duk shirin da gwamnatin jiha ba ta yarda ta sa kuɗinta a ciki tun shekarar farko ba, a rubuce cikin kasafin kuɗi, gara kada a fara shi. Ba na cikin masu cewa a kori ƙungiyoyin nan. Na ci abinci a wannan aiki, na kuma ga alherinsa da idona. Shi ya sa nake jin haushin yadda ake ɓarnatar da shi.

Abin da muke ƙirgawa

Tun taron ilimi na duniya da aka yi a Jomtien ta ƙasar Tailan a 1990, da na Dakar a 2000, duniya ta sa a gaba cewa kowane yaro ya shiga makaranta. An samu nasara a nan, yara sun cika azuzuwa daga Habasha har Bangaladash. Sai daga baya aka farga cewa zama a aji daban, koyo daban. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta. A Afirka kudu da Sahara kuwa, kusan tara cikin goma ne.

Mu a Najeriya mun riga duniya ganin wannan. Da aka ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara sun yi ambaliya fiye da yadda aka shirya, aka ɗebo malamai da gaggawa, aka gina azuzuwa da gaggawa. Har gobe muna jayayya kan yawan yaran da ba sa zuwa makaranta: UNICEF ta daɗe tana cewa miliyan 10.5, UNESCO ta ce kusan miliyan 20 a 2022. Kowane taro da wannan alƙalami ake buɗe shi. Amma yaran nan saba'in da na gani a aji uku ba sa cikin kowane lissafi, domin sunansu yana cikin rajista.

A ofishinmu, ƙarshen kowane wata uku muna cika rahoto. Malamai nawa aka horar? Littattafai nawa aka raba? Taron bita nawa aka yi? Mata nawa suka halarta? Duk waɗannan abubuwa ne masu sauƙin ƙirgawa, masu sauƙin ɗaukar hoto. Kwalayen nan tara da na tarar a sito, a rahotonmu an rubuta su cikin littattafan da suka isa hannun yara. Ni na sa hannu a takardar. Ba ƙarya na yi niyya ba, mota ta kai su, hedimasta ya karɓa. Amma tambayar da aka yi mini ba ita ce tambayar da ta dace ba, ni kuma ban matsa a canza ta ba.

Taron bita kuwa ya zama sana'a. A kwashe malamai daga aji a tsakiyar zangon karatu, a kai su otal a babban birnin jiha kwana biyar, a ba su kuɗin mota da alawus. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, wa zai ga laifinsa in ya yi rububin shiga jerin sunaye? Sai ka ga mutum ɗaya ya halarci bita huɗu a shekara na ƙungiyoyi huɗu, kowace da salon koyarwarta, alhali malamar da ke riƙe da aji ɗaya a ƙauye ba ta taɓa zuwa ko ɗaya ba, saboda ba ta da kowa a ofishin sakataren ilimi.

Ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba. A yammacin Kenya, masu bincike sun bi diddigin wani rabon littattafai da aka yi a shekarun 1990, suka gano yaran da dama can suke kan gaba ne kawai suka amfana. Littattafan da Turanci aka rubuta su, yawancin yaran kuma Turanci harshe na uku ne a wurinsu. Ƙasar Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci sama da dubu 800 ta raba wa 'yan makaranta, binciken da aka yi a 2012 bai ga wani ƙari a lissafi ko karatu ba. Kaya ba sa koyarwa. Mun san haka, amma kaya ake iya yanke wa ƙyalle a gaban 'yan jarida.

"Ai sun yi aiki, kada ka zama butulu"

Wani tsohon abokin aikina ya faɗa mini haka, kuma yana da gaskiya a wani ɓangare. Sun yi aiki.

Shirin ESSPIN na Birtaniya ya yi aiki a Kano da Kaduna da Jigawa da wasu jihohi uku daga 2008 zuwa 2017, ya kuma taimaka wajen raya kwamitocin iyaye da al'umma masu kula da makarantu. A Bauchi da Sakkwato, shirin da Amurka ta ɗauki nauyi daga 2015 ya fito da tsarin Mu Karanta, darasi bi da darasi da Hausa, da littafin yaro da jagoran malami. A Katsina da Zamfara an yi shirin RANA na koyar da karatu da lissafi ƙarƙashin aikin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da kuɗin Birtaniya. A Wudil da Dawakin Tofa an gwada wata dabara da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da ita: a gwada yara, a raba su gwargwadon abin da suka iya, wanda bai san baƙi ba a zaunar da shi da irinsa ko da yana aji biyar, a koya masa daga inda ya tsaya.

Na ga abin da irin wannan koyarwa ke yi. Na ga yarinya 'yar shekara takwas da a farkon zango ba ta bambance "b" da "ɗ", kafin damina ta kama tana karanta wa kakarta takardar asibiti. Babu sihiri a ciki. Malami ne da ya san darasin da zai koyar yau, littafi a hannun kowane yaro, harshen da yaron ke ji, da wani jami'i da ke leƙowa sau ɗaya ko biyu a wata ya zauna a bayan aji, in an tashi ya gyara wa malamin kurakuransa cikin mutunci.

Don haka maganar ba ta rashin sanin magani ba ce. Maganin sananne ne, kuma ba shi da tsada in an kwatanta da ginin katanga. Abin da ya gagara shi ne ci gaba da ba da shi bayan mai tallafi ya naɗe tabarmarsa. Littafin yaro shekara biyu yake yi ya yage. Kowace shekara sababbin yara suke shigowa aji ɗaya. Malamai suna ritaya, ana canza musu wuri. Jami'in da ke zagayawa yana buƙatar man babur kowane mako. Waɗannan kuɗi ne na kullum, shirin shekara biyar ba zai iya ɗaukarsu har abada ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Kenya ta gwada wata hanya da shirin Tusome na koyon karatu daga 2015. Kuɗin farko na Amurka da Birtaniya ne, amma an shigar da shi dukkan makarantun firamare na gwamnati, kuma jami'an gwamnati na da ma su ne masu zagayawa azuzuwa, ana biyansu kuɗin tafiya gwargwadon azuzuwan da suka shiga suka duba. Ba a kafa wata runduna ta daban a gefe ba. Mu kuwa sau da yawa sai a zaɓi ƙananan hukumomi biyar ko goma, a ɗauki ma'aikatan wucin gadi, a buɗe ofis mai janareto a unguwar masu kuɗi, ma'aikatar ilimi ta zama 'yar kallo da ake gayyata ranar buɗe taro da ranar rufewa.

"Kyauta ce, ina ruwanka da sharaɗi?"

Na farko, ba duka ne kyauta ba. Dala miliyan 611 na shirin BESDA na shigar da yara makaranta da Bankin Duniya ya amince da su a 2017 don jihohi 17, rance ne. Dala miliyan 500 na shirin AGILE na ilimin 'yan mata da aka amince da su a 2020, wanda ya fara da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno da Filato da Ekiti, rance ne, haka ƙarin miliyan 700 da aka yi a 2023. Rance ne mai sauƙin ruwa, amma biya za a yi. Yaran da ke zaune a ƙasa yau su ne za su biya in sun girma, ko sun koyi karatu ko ba su koya ba. Wannan kaɗai ya isa ya ba kowane uba haƙƙin tambayar inda kuɗin suka shiga.

Na biyu, kyautar da ke sa mai gida ya kwanta ya daina noma tana da illa. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko. Sharaɗin kawai shi ne jiha ta ajiye nata kason daidai da wanda za ta karɓa. Kusan kowace shekara hukumar UBEC mai kula da asusun tana kokawa cewa biliyoyin naira suna kwance, jihohi ba su kawo nasu ba balle su ɗauka. Gwamnan da ya kasa ajiye kasonsa don ɗaukar kuɗin ƙasarsa, shi ne zai karɓi baƙi daga Landan ko Washinton ya yi alkawarin ɗorewar shiri. Masu tallafin sun san wannan. Suna sa hannu a yarjejeniya duk da haka, domin su ma akwai mai tambayarsu a gida ko sun kashe kuɗin bana.

Shi ya sa nake cewa sharaɗin ya zama na gaske. Shekarar farko mai tallafi ya biya kuɗin buga littattafai duka, ta biyu jiha ta ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu, ta uku rabi, a haka har ta karɓe. In jiha ta saɓa, a tsaya, a kuma faɗa wa jama'a a rediyo dalilin tsayawa. Za a ce yara ne za su cutu. Yaran sun riga sun cutu, jinkirta ranar ganin cutar kawai ake yi.

Shekarar 2025 ta ba mu amsa

Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dakatar da tallafin Amurka na ƙasashen waje na kwana 90. Kafin watan Yuli ya kama, hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka, USAID, da aka kafa tun 1961 ta daina aiki. A watan Fabrairun shekarar, Firaministan Birtaniya Keir Starmer ya sanar da rage kuɗin tallafi zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na arzikin ƙasa daga 2027, don ƙara wa tsaro, bayan an riga an rage shi daga 0.7 zuwa 0.5 a 2021.

Na san mutane masu ƙwazo da aka sallama da saƙon imel guda. Na san horon malamai da aka tsayar a tsakiya. Abin ya yi mini ciwo, kuma ina ganin yanke tallafi dare ɗaya ba tare da ba mutane lokacin shiri ba zalunci ne ga waɗanda suka dogara da shi. Amma ba wanda ya zaɓi Trump ko Starmer a Gumel ko Tasawa, ba kuma wanda zai iya tsare su da tambaya. Wanda za mu iya tsarewa shi ne kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa da gwamna. Karatun ɗanka in ya rataya a kan zaɓen wata ƙasa, kowane lokaci igiyar tana iya tsinkewa.

Harshen da yaro ke ji

A nan ne nake ganin ƙungiyoyin waje sun fi mu gaskiya, abin kunya ne kuma a faɗa. Baƙi ne suka zo suka zuba kuɗi a buga littattafan koyon karatu da Hausa, alhali manyanmu suna ganin koyarwa da Hausa ci baya ne.

Hujja ba daga waje ta fara zuwa ba. Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin, a wasu fannoni ma sun fi su. A Nijar an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. A watan Nuwamban 2022 gwamnatin Najeriya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare. Ba a buga isassun littattafai ba, ba a horar da malamai ba. A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar, a koma Turanci tun daga tushe, bisa dalilin yawan faɗuwa jarrabawa.

Ta yaya za a ce magani bai yi aiki ba alhali ba a sha ba? Ɗaliban da suka faɗi jarrabawar kammala sakandare a 2025 sun bar firamare tun kafin a rubuta manufar.

Iyaye da yawa za su ce mini, "Mu Turanci muke so 'ya'yanmu su iya, da shi ake samun aiki." Ni ma haka nake so wa nawa. Amma ku shiga aji biyu a makarantar ƙauye ku saurara. Malam yana faɗin jimlar Turanci, yara suna maimaitawa da ƙarfi kamar waƙa, ba wanda ya san me aka ce, wani lokaci har da malamin. Karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa: gane cewa wannan baƙi yana wakiltar wannan sauti, sautuka suna haɗuwa su ba da kalma, kalma tana da ma'ana. Hausa tana da sauƙi a nan domin yadda ake furta ta kusan haka ake rubuta ta. Yaron da ya kama wannan sirri da harshen da yake mafarki da shi, in ya zo Turanci sabon harshe kawai zai koya. Wanda aka fara masa da Turanci kuwa abu biyu ake ɗora masa lokaci guda, yawanci ya rasa duka biyun, ya gama aji shida bai iya rubuta wasiƙa da kowane harshe ba.

Na san akwai garuruwan da aji ɗaya ke ɗauke da harsuna huɗu ko biyar, kamar a Jos ko kudancin Kaduna ko Adamawa, kuma bai dace a ɗora wa ɗan Bajju ko Bachama Hausa a ce harshen uwarsa ne ba. Wannan matsala ce ta gaske, sai an zauna da mutanen wurin an warware. Amma ba dalili ba ne na hana yaron Ɓaɓura ko Illela, wanda duk ajinsu Hausa suke ji, hanyar da ta fi masa sauƙi.

Malami

A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan dubu 33 jarrabawar aji huɗu, 21,780 suka kasa samun makin da aka gindaya, aka sallame su. An yi ta cacar baki kan adalcin matakin. Abin da ba a yi jayayya a kai ba shi ne yadda aka kai ga haka: shekara da shekaru ana ɗaukar malamai da takardar ɗan siyasa, ana riƙe albashi, ana hana ƙarin girma, har koyarwa ta zama aikin wanda ya rasa wani.

Babu wata ƙungiyar waje da za ta gyara wannan. Ba ita ke ɗaukar malami ba, ba ita ke tura shi ƙauye ba, ba ita ke biyansa ba. Bitar kwana biyar ba ta cike giɓin shekara uku na kwalejin ilimi da ba ta koya masa yadda ake koyar da karatu ba. In da ni ke riƙe da kuɗin tallafi, rabinsu kwalejojin ilimi zan kai, a gyara yadda ake shirya malamin aji ɗaya zuwa uku tun kafin ya fito.

Akwai kuma wata ɓarna da mu ma'aikatan shirye-shirye ba ma son faɗa. In muka shiga ƙaramar hukuma, malamin da ya fi kowa iyawa shi muke fara ganowa. Sai mu mai da shi mai horarwa, daga nan mai kula da shiyya, daga nan ma'aikacinmu da albashin da ya ninka nasa sau da yawa. Shi ya samu ci gaba, Allah ya sanya albarka. Ajinsa kuwa ya rasa shi har abada.

Masu zargin wata manufa

Wasu suna ganin duk abin da Bature ya kawo akwai lauje cikin naɗi. Ba na raina wannan damuwa, kuma haƙƙin iyaye ne su buɗe kowane littafi su ga abin da ke ciki. A shekarun da na yi, littattafan da muka raba malamanmu na jami'o'i da kwalejoji ne suka rubuta, labaran Audu da Binta ne da akuya da kasuwa. Zargi yana tsiro ne a inda aka yi wa mutane abu ba a tambaye su ba.

Gwamnatinmu ma ta faɗa wannan kuskure. A watan Afrilun 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi cikin Sakkwato, aka gina irinta sama da 150. Da yawa sun lalace ko an mayar da su wani abu, domin an yi gini ba a jawo alarammomi a jiki ba, ba a kuma tanadi wanda zai ci gaba da ciyarwa da biyan malamai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu kuma ba baƙin ilimi ba ne da za a ce sai an koya mana sonsa: Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, malamai mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, babu mai ba da tallafi daga ko'ina. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci da Hausa, manya suka koyi karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo a gindin bishiya.

Ga masu son shiga wannan aiki

Ɗan yayata ya gama hidimar ƙasa, ya zo ya same ni. "Kawu, ka taimaka ka sa ni a hanyar aikin NGO, ɓangaren ilimi nake so."

Ban hana shi ba. Aiki ne na halal, ana kuma iya yin alheri mai yawa a cikinsa. Na dai ce masa ya fara koyarwa a firamaren gwamnati ko da shekara biyu, aji ɗaya ko biyu, ya san nauyin yara tamanin da alli ɗaya, ya ga yadda aji ke komawa rabi ranar kasuwa da lokacin girbi. Na zauna a taruka da masu digiri biyu daga Ingila suna tsara jadawalin darasin minti arba'in da biyar ga makarantar da malami ɗaya ke riƙe da aji uku. Niyyarsu mai kyau ce, ba su taɓa tsayawa gaban allo ba ne.

Na ce masa in ya samu aikin, duk makarantar da ya je ya wuce ofishin hedimasta ya shiga aji, ya zaɓi yara biyar da kansa daga layin baya, ya ba su jimla su karanta. Ya rubuta abin da ya gani a rahoto ko da ba zai yi wa shugabansa daɗi ba. Ya koyi karanta kasafin kuɗin jiha kamar yadda yake koyon rubuta takardar neman tallafi. Kuma duk abin da zai fara, ya tambayi wa zai biya kuɗinsa a shekara ta shida, da sunan ofis da lambar layi a kasafi. In ba a ba shi amsa ba, ya sake tambaya a taro na gaba.

Kafin in bar ƙauyen ranar nan, mun fito da kwalayen da gara ba ta taɓa ba, na zauna da sabon malamin awa biyu muka bi darussan makon farko. Yaro ne mai son koyo, ba wanda ya taɓa nuna masa ne. Na kira jami'in da ke kula da makarantun yankin, wanda muka yi aiki tare a da. Ya ce tun da shirin ya rufe ba a sake ba shi kuɗin man babur ba, makarantu goma sha huɗu ne a ƙarƙashinsa, na kusa da gida kawai yake iya leƙawa.

Shekaranjiya hedimastan ya bugo mini waya. Ya raba kwali huɗu, ya ce yara har gida suke tafiya da su, iyaye suna tambaya ko za a karɓe. Sannan ya ce, "Yallaɓai, na baɗi fa? 'Yan aji ɗaya masu shigowa ba su da ko ɗaya."

Na ce masa ya tara kwamitin iyaye ranar Asabar su rubuta takarda, da adadin yara da adadin littattafan da ake buƙata. Ranar Litinin zan zo mu kai ta ofishin sakataren ilimi tare, mu ajiye kwafi a wurin ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin kafin a fara zaman kasafin kuɗi.